Yadda Ake Isar da Shawarar Lafiya da Abinci a Cikin Ikkilisiya

A garuruwanmu da ake sujada da Hausa, daga Kagoro zuwa Billiri, daga Pankshin zuwa Garkida har zuwa Maraɗi, da wuya a sami wurin da yake tara jama'a kowane mako kamar majami'a. Mai cikin da ba ta taɓa zuwa awo ba tana zuwa sujada. Dattijon da ya shekara goma ba a auna jininsa ba, kowace Lahadi yana nan a kujerarsa. Kuma abin da aka faɗa a gaban ikkilisiya ana ɗaukarsa da nauyin da ba a ba maganar rediyo ko ta maƙwabci. Wannan nauyi shi ne amfanin aikin, shi ne kuma haɗarinsa, domin shawarar da ba daidai ba, in ta fito daga gaban bagade, ta fi wadda aka ji a bakin rijiya wuyar gogewa.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Asibitocin Vom, Wusasa, Galmi da asibitin ido na ECWA a Kano duk daga hidimar ikkilisiya suka fito. A shekarun 1970, shirin lafiyar karkara na Garkida ya riƙa horar da mutanen ƙauye su koyar da lafiya ta hanyar labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Ƙungiyar CHAN, mai haɗa cibiyoyin lafiya na Kirista a Najeriya, tun 1973 take aiki. Abin da zan bayyana shi ne yadda ƙaramar ikkilisiya, wadda ba ta da asibiti kuma ba ta da kuɗi mai yawa, za ta ɗora a kan wannan gado.

Mataki na farko: a fara da Fasto da dattawa

Kada a fara da sanarwa. A je wurin Fasto a gida ko a ofis, a ranar da ba ta sujada ba, a faɗi abin da ake nema dalla-dalla. Misali: “Baba Fasto, muna roƙon minti biyar a lokacin sanarwa, Lahadi biyu a wata, da izinin ajiye teburi a bakin majami'a bayan an tashi sau ɗaya a wata.” Roƙo mai iyaka irin wannan ya fi saurin samun karɓuwa a kan a ce ana so a fara “hidimar lafiya” ba tare da kowa ya san inda za ta tsaya ba. A bar shi ya kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, a kuma shigar da ita cikin littafin taro, don kada aikin ya mutu ranar da aka yi wa Fasto canjin wurin aiki.

A gaya musu tun farko abin da ba za a yi ba: ba za a rubuta wa kowa magani ba, ba za a sayar da komai ba, ba za a ambaci ciwon kowa a gaban jama'a ba.

Mataki na biyu: mutanen da za su riƙe aikin

Mutum biyar ko shida sun isa. Dole a sami aƙalla ma'aikacin lafiya ɗaya mai takarda, ko nas, ko ungozoma, ko jami'in lafiyar al'umma, ko da mai ritaya ne. Shi ne mai tace kowace magana kafin ta fita. Sai shugabar zumuntar mata ko wadda ta wakilta, da dattijo ɗaya, da matashi mai iya rubutu da waya, da malamar makarantar Lahadi. In ikkilisiyar ba ta da ma'aikacin lafiya ko ɗaya, a je asibitin gwamnati mafi kusa a gai da shugabansa, a roƙe shi ya riƙa duba saƙonni. Ko Musulmi ne ko Kirista, galibinsu suna murna da wannan, don su ma neman hanyar isa ga jama'a suke yi. Ko da kuna da nas a cikinku, wannan gaisuwa wajibi ce, saboda can za ku riƙa tura mutane. A karɓo ranakun awon ciki da na rigakafi da lambar wayar asibitin, a manna a allon sanarwa.

Mataki na uku: a gano abin da yake damun mutanenku

Ba sai an raba takardar tambayoyi ba. A zauna da Fasto a tambaye shi: a shekarar da ta wuce, su wa kuka je dubawa, me ya kwantar da su, su wa aka binne? A tambayi matan zumunta abin da yake cinye musu kuɗi a kantin magani. Cikin zama ɗaya za ku ga abubuwan suna maimaita kansu: zazzaɓin cizon sauro, gudawar yara, hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ramar yara bayan yaye, matsalar haihuwa.

Daga nan sai a jera su bisa yanayin shekara. Kafin damina ta kankama a yi maganar gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohi da dama, da tsabtar ruwan sha saboda amai da gudawa. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, lokacin maganar tamowa ne. Da kaka a yi maganar shanya da ajiya: gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar da take lalata hanta, kuma hatsin da aka shanya a bakin titi ɓera yana bi ta kai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gane shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno a jikin ma'aikatan jinya na mishan, ɓera ne yake yaɗa shi, kuma da rani ya fi tashi. Da bazara kuwa sai sanƙarau da ƙyanda. Hawan jini da suga ba su da lokaci, sai a sa su a watannin da suka rage.

Mataki na huɗu: a tace saƙo kafin a faɗe shi

Nan ne ikkilisiyoyi da yawa suke tuntuɓe. Wani ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya ya ga saƙo a WhatsApp cewa jiƙon kaza yana warkar da ciwon suga, sai ya tura wa zauren ikkilisiya, kafin yamma mutum ɗari sun karanta. Doka ɗaya ce take hana wannan: duk saƙon lafiya da zai fita da sunan ikkilisiya, a baki ko a waya, sai ma'aikacin lafiyar kwamiti ya gani. Shi ma kada ya dogara da abin da ya koya shekara ashirin baya. Ya duba katin awon ciki, katin rigakafin yara, da takardun da ma'aikatar lafiya take rabawa.

Akwai alamun da suke nuna saƙo na banza ne. In ya ce abu guda yana maganin cututtuka goma, in ya ce likitoci suna ɓoye shi, in ya ce a daina shan maganin asibiti, in ya ƙare da lambar wayar mai sayarwa, a jefar da shi. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, ina ƙarfafa kowane gida ya dasa shi a tsakar gida, amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini.

Sai kuma masu tallar ƙwayoyi da garin “ƙarin lafiya” da suke neman minti goma bayan wa'azi, wani lokaci da na'urar da suke cewa tana gano kowace cuta in ka riƙe ta a hannu. Ra'ayina a kan wannan ba shi da sassauci: kada a ba su fili, ko da ɗan ikkilisiya ne, ko da ya yi alkawarin ba da wani kaso ga asusun gini. Gwauruwar da ta ga an tsaya da kwalba a gaban bagade za ta ɗauka ikkilisiya ce ta sa hannu, ta sayar da akuyarta ta saya. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da duk cututtukan da mai talla ya lissafa.

Mataki na biyar: yadda ake faɗa cikin minti biyar

Saƙo ɗaya kawai a rana ɗaya, da abu ɗaya da mutum zai yi in ya koma gida. A zo da abin a hannu, don gani ya kori ji. Ga misali a kan gishiri. Mai magana ta tsaya da ƙaramin cokalin shayi a hannu ta ce:

“Salama, 'yan'uwa. Iyayena mata, kun ga wannan cokalin? Gishirin da ya kamata babban mutum ya ci a yini guda, a haɗa da na miya da na dunƙule da na burodi da na yajin tsire, bai kamata ya kai cikinsa ba. Dunƙulen da muke jefawa biyar-biyar a tukunya, yawancinsa gishiri ne. A wannan mako ina roƙon kowace uwa ta rage dunƙule ɗaya a miyarta, ta ƙara daddawa da albasa da citta da busasshen kifi. Iyayena maza, ku kuma in miya ta zo kada a ce a miƙo gishiri. Lahadi mai zuwa akwai awon jini kyauta a bakin ƙofa.”

Ma'aunin da ta faɗa shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da giram 5 a rana. Ku lura ba ta zagi girkin kowa ba, kuma ta sa maza a ciki. Wannan yana da muhimmanci, don sau da yawa mace ta ji shawara ta karɓa, amma kuɗin cefane da izinin zuwa asibiti suna hannun maigida. A riƙa kai saƙon zumuntar maza ma, a gaya musu kai tsaye cewa kuɗin motar awo da ƙwan yaro nauyinsu ne.

A yi magana da harshen da tsohuwar da take kujerar baya za ta gane. In ikkilisiyar ta haɗa masu Tangale ko Bura ko Ngas ko Jju da Hausarsu ba ta nuna ba, a sami mai juyawa. A kuma ba 'yan Sabon Rai da mawaƙan zumuntar mata saƙon watan su sa shi a waƙa ko ɗan gajeren wasa. Waƙar da aka rera da tulu da kacau-kacau tana bin mace har madafa. Yaran makarantar Lahadi kuwa a koya musu wanke hannu da sabulu bayan ban-ɗaki da kafin cin abinci. Su ne za su je gida su tsare manya.

A guji tsoratarwa da kunyatarwa. Kada a ce “masu ƙiba ku ji”, kada a ce yaro ya rame don uwarsa malalaciya ce. Kuma kada a ba da shawarar da aljihu ba zai ɗauka ba. Wanda aka ce ya ci tuffa da madarar gwangwani kullum zai yi murmushi ya manta. Wanda aka ce ya ƙara wake, rama, alayyafo, kabewa, gwanda da ƙuli-ƙuli zai iya.

Mataki na shida: a ɗora tukunya a zumuntar mata

Wannan ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata a fi kashe lokaci. Sau ɗaya a wata biyu ko uku, a mai da taron zumunta na tsakiyar mako ya zama na girki. Kowa ta kawo abin da take da shi, gwangwani ɗaya na gero, ɗan waken soya, ɗan gyaɗa, itace. A gayyaci kakanni musamman, domin a gidaje da yawa maganar kaka ce take yanke abin da jariri zai sha.

Darasin farko ya zama na nono. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Wata shida cur nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ko da a zafin bazara, don nono yana da ruwan da ya ishe shi. Ba a ba yaron da bai shekara ba zuma. Bayan wata shida a fara abinci, a ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye. Za a sami kakar da za ta ce, “Mu da muka ba namu ruwa, ga su nan sun girma.” Kada a yi mata gardama a gaban surukarta. A ce, “Gaskiya ne Kaka, kun yi ƙoƙari, Allah ya raya su. Amma ruwan nan shi yake kawo gudawa, kuma yana cika cikin yaro ya rage shan nono. Ki taimake mu ki tsare mana jikanki.” In ta yarda, gidan duka ya yarda.

Darasi na biyu shi ne garin kunun yara da ake kira Tom Brown. Ma'aunin da aka fi amfani da shi: hatsi kashi 6, waken soya kashi 3, gyaɗa kashi 1. Hatsin gero ne ko dawa ko masara, ko a haɗa. A tsince kowanne, a zubar da gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane. A jiƙa waken soya, a murje ɓawonsa, a shanya ya bushe sarai a kan tabarma mai tsabta a inda kaji ba sa kaiwa. A soya kowanne daban a busasshen kasko har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja, ba tare da ya ƙone ba. Waken soyan da bai soyu ba yana da gafi kuma yana ɓata ciki. In sun huce a haɗa a kai niƙa, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi. Wajen damawa a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta kamar minti goma.

Sai a nuna kaurin. A ɗebo kunun a cokali a karkata shi a gaban kowa: in ya zube kamar ruwa, ya yi tsinke, yaro zai cika ciki ne kawai bai samu komai ba. Ya kamata ya tsaya a cokali ya sauko a hankali. A zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, wata rana garin busasshen kifi, wata rana dafaffen ƙwai da aka murƙushe, wata rana garin zogale. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a rana. Daga wata 9 zuwa 23 sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali. A ba shi kwanonsa daban, a zauna da shi, don in aka haɗa shi da yayyensa ba zai samu rabonsa ba. A bari iyaye su ba yaransu a nan take. Uwar da ta ga ɗanta ya shanye ya miƙo kofi ba ta bukatar wani dogon bayani.

Darasi na uku, gudawa. A kawo fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a karanta abin da aka rubuta a jikinsa, a haɗa da adadin ruwan da aka ce, galibi lita ɗaya na ruwa mai tsabta. In babu fakiti, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A sa kowace mace ta auna da hannunta ta ɗanɗana; bai kamata ya fi hawaye gishiri ba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. A kawar da zancen cewa gudawar haƙori ce, za ta wuce da kanta.

A ƙarshen irin wannan taro ma'aikaciyar lafiya ta auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya, rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, a ƙara abinci a kuma kai asibiti a duba. Ja, ƙasa da 11.5, ko kumburin ƙafa biyu, tamowa ce mai tsanani, a kai cibiyar da ake ba da abincin tamowa ba tare da jira ba. Tom Brown ba ya maye gurbin wannan. A yi awon a gefe, a gaya wa uwar a hankali, a kuma sa wata 'yar'uwa ta raka ta.

Mataki na bakwai: teburin awon jini

A sayi na'ura mai batir ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Bayan sujada mutane sun yi rawa sun yi tsayuwa, don haka kowa ya zauna minti biyar tukuna. Ya jingina baya, ƙafa biyu a ƙasa, hannu a kan teburi daidai ƙirji, a naɗe hannun riga, ba magana. Wanda ya ci goro yanzu-yanzu ya jira rabin awa. A auna sau biyu, a rubuta masa a ɗan kati da kwanan wata ya tafi da shi.

In ya kai 140 bisa 90 ko fiye, ba a ce masa “kana da hawan jini” daga awon rana ɗaya. A ce ya je asibiti cikin makon a sake aunawa. In ya kai 180 bisa 120, ranar zai je, balle in akwai ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko gani dishi-dishi. Mai ciki kuwa ko 140 bisa 90 ne, a kai ta ranar, musamman in fuska da hannuwa sun kumbura, don wannan kan kai ga jijjiga. Kada kowa ya ciro maganinsa daga jaka ya ba wani. Gwajin suga, tunda akwai huda yatsa, a bar wa ma'aikacin lafiya, da sabon tsinke ga kowane mutum.

A koya wa ikkilisiya duka alamun da ba a kwana da su. Ga babba: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Ga yaro: ya kasa shan nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki. Ga mai ciki: zubar jini, ko naƙudar da ta daɗe. A san tun yau mai mota ko mai keke-napep ɗin da za a buga wa da tsakar dare.

Mataki na takwas: addu'a da magani

Dole a taɓa wannan, kuma bakin Fasto ne ya fi dacewa da shi. Akwai 'yan'uwan da suke jin cewa shan magani kullum rashin bangaskiya ne, sai su ajiye shi bayan taron farkawa, bayan 'yan watanni a ji sun faɗi. Fasto ya faɗa a fili cewa muna addu'a muna kuma shan magani. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Ishaya, bayan ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa, ya sa an ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Wanda ya gaskata ya warke, ya koma asibiti a gwada, likita ne zai ce a rage ko a daina. Haka ma lokacin ba da shaida: mai jagorar sujada kada ya bari a yi tafi ga wanda ya ce ya zubar da maganin suga ko na ƙanjamau ko na tarin fuka.

Kafin a shiga azumin ikkilisiya, na farkon shekara ko na kwana arba'in kafin Ista, a sanar cewa masu ciwon suga, masu gyambon ciki, masu ciki, masu shayarwa da masu shan magani a kan lokaci su ga ma'aikacin lafiya tukuna, kuma wanda bai iya ba bai yi zunubi ba. Mai suga da ya sha magani bai ci abinci ba, suganshi na iya faɗuwa ya suma. In ya fara rawar jiki da gumi yana cikin hayyacinsa, a ba shi abin zaƙi nan da nan.

Gwajin jini na sikila da ikkilisiyoyi suke nema kafin ɗaurin aure, a matso da shi baya zuwa zumuntar matasa. In AS, wato mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila ba tare da ciwon ba, ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon sikila. Saurayi da budurwa su san nasu tun kafin zance ya yi nisa ya fi a gano bayan an kai kaya an sa rana.

Mataki na tara: riƙon asiri

Abin da aka gani a teburin awo a nan ya tsaya. Ba a kai shi taron addu'a da sunan roƙo sai mai shi ya ce a kai, ba a gaya wa matar mutum ko mijinta ba da izini ba, ko Fasto ma sai an tambayi mai ciwon. Ranar da aka ji ciwon wani a bakin da bai kamata ba, daga ranar teburin zai zama kufai. Wanda ya kasa riƙe bakinsa a cire shi daga kwamitin cikin ladabi.

Mataki na goma: ikkilisiya ta duba nata kwanon

Ba zai yiwu a yi maganar sukari da safe ba, da yamma a raba kiret-kiret na lemon kwalba a bikin godiya. Kwalba ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9. A taron zumunta, bikin kaka, Kirsimeti da zaman makoki a tanadi ruwa mai kyau, da zoɓo ko kunun aya mai ɗan sukari kaɗan, a ware wanda ba sukari don masu suga. Kusa da shinkafa a sa kwaɗon zogale ko na rama, ko gwate mai ganye da yawa, ko acca. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ban-ɗaki da wurin rabon abinci, a daina wanke hannun mutum talatin a kwano ɗaya. In akwai fili a bayan majami'a, matasa su dasa zogale da gwanda da alayyafo, a riƙa raba iri.

Kuɗin aikin ba shi da yawa: na'urar awo, batir, kati, sabulu, kayan girki. A nemi dattawa su ware baiko na Lahadi ɗaya a shekara, ma'aji ya riƙe, a kuma ajiye wani abu daga ciki don kuɗin motar wanda aka tura asibiti ba shi da ko sisi. A sami littafi mai bango da zai zauna a hannun ma'aikacin lafiya kaɗai, a rubuta wanda aka tura da ranar da aka tura shi. Bayan mako ɗaya a buga masa waya ko a leƙa gidansa: “Baba, an samu zuwa kuwa? Me suka ce?” In bai je ba a tambayi dalili, kuɗi ne, tsoro ne, ko ba mai raka shi, a magance wannan ɗin. Duk wata uku kwamiti ya zauna ya kai wa dattawa rahoton adadi ba sunaye, mutum nawa aka auna, nawa aka tura, nawa suka je, sannan a zaɓi saƙonnin wata uku masu zuwa a raba wa waɗanda za su faɗe su.